Kona, Hawa…

Ba zan taɓa mantawa da ateliyen nan, wato taron bita, na Tasawa ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, abokan aikina sun ɗaukar wa kansu alkawarin tuna mini har ranar da zan ajiye alli. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata lise, wato babbar sakandare, ta garin, ɗan kwantaragi, irin waɗanda yara ke kira Mushe, manya kuma su ce musu "ku ƙara haƙuri" duk lokacin da ake rabon muƙami. Na faɗi sana'ata tun da wuri ne don ku auna abin da kyau. Da malamin lissafi ne ya yi abin da na yi, da dariyar yini guda za a yi a wuce wurin.

Abin ya faro ne da kiran waya daga wani tsohon malamina na jami'a, wanda kowa ke ce wa Farfesa, har matarsa in ji masu tsegumi. Ya ce ɗalibansu masu rubuta kundin kammala karatu a kan Tasawa da Mayahi suna ba shi ciwon kai. Ka ba yaro batun zaizayar ƙasa, ko ruwan rijiyoyi, ko amfanin gawo a gonar gero, sai ya faɗa intanet ya kwaso maka tarkace, rabi ma na Najeriya ne, don injin bincike bai damu da bambancin Nijar da Najeriya ba. Saboda haka suna son buɗe shafi guda da za a tara adireshin duk wani abin kirki: taswirori, hotunan tauraron ɗan'adam, bayanan ruwan sama, maƙalun masana, kowanne da ɗan bayani a ƙasansa, komin bayan komin, wato ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Malamai biyu za su yi aikin tarawar, ɗaya ya ɗauki Tasawa, ɗaya Mayahi. Daga nan a yi ateliye kowa ya nuna abin da ya samo, a zaɓi mutum ɗaya ya zama mai kula da shafin.

"Wanda anka ɗauka, za a ba shi ordinater, a rage mishi awoyin aji," in ji Farfesa. "Kuma tare da mu zai riƙa aiki. Ka gane?"

Na gane sarai. Tun kafin ya kashe waya na riga na hango kaina da baƙar jakar ordinater, wato kwamfuta, a kafaɗa, ina ratsa filin makaranta a hankali don kowa ya samu damar gani. Na daɗe ina neman ƙofar da zan bi in koma kusa da jami'a, ga ta ta buɗe da kanta. Wannan kujera nake so, kuma ba ƙaramin so ba.

Abokiyar takarata Madam Rabi ce, malamar kimiyyar halittu da muhalli a makarantarmu. 'Yar asalin Mayahi ce, don haka ita aka ba wancan ɓangaren. Mace ce mai sanyin aiki, irin wadda in ta ce za ta duba abu, to dubawar za ta yi. Ni kuwa a raina har na fara tausaya mata.

Bari in gaya muku kayan aikina, don a yi mini adalci. Ba ni da ordinater (dalilin zumuɗin ke nan). Wayata ce kawai, 'yar ƙarama, mai tsagaggen gilashi a kusurwa. Rezon waya a unguwarmu sai ka tsaya gindin dogon yaron ƙofar gida ka ɗaga hannu sama kamar mai tsayar da mota. Forfe kuma, wato datar da nake saye, yana ƙarewa tun ba ka gama bismilla ba. Sai na yi dabara irin ta masu wayo, na kashe hotuna gaba ɗaya a wayar, rubutu kaɗai ke fitowa. Da na ga hakan ma bai isa ba, na daina buɗe shafukan. Me zai sa in buɗe? Injin bincike yana nuna maka kanun abu da layi biyu a ƙasansa. Ka karanta, ka kwafi adireshin, ka yi gaba. Ingilishi kuwa tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, don haka in kanu ya zo da shi sai in miƙa wa manhajar fassara ta juya mini zuwa Faransanci.

Haka na bi komin-komin ɗinmu ɗaya bayan ɗaya. A kan Tasawa na samu abin da ba a rasa ba. Maijirgi da Urafan da Korgom kuwa, sai ka yi ta tono har hannunka ya gaji da ɗagawa, ka fito da wani tsohon rahoto da ya ambaci sunan garin sau ɗaya a tsakiyar wasu sunaye. Abin ya dame ni, ba don aikin kaɗai ba. Akwai ciwo ka rubuta sunan garin da mutane ke noma, suna aure, suna binne iyayensu a cikinsa, duniya ta ce maka ita ba ta san zancen ba.

Sai na zo kan Kona.

Ga wanda bai sani ba, Kona komin ce a departamanmu, ta manoma da masu 'yan awaki da tumaki. A takardun hukuma da "o" biyu ake rubuta ta. Na rubuta hakan, na samu irin abin da na saba samu, wato kusan babu. Sai na ce bari in rubuta ta da "o" ɗaya yadda kowa ke yi, in haɗa da kalmar fari da Ingilishi (wadda manhaja ta ba ni aro).

Jama'a, tsuntsu daga sama gasasshe. Fari a Kona. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a Kona. Gobarar daji a Kona. Yadda awaki ke cinye ƙananan itatuwa a busasshen dajin Kona, da yadda za a farfaɗo da dajin. Duk batun da Farfesa ya ambata a waya, ga shi nan an yi aiki a kansa, wasu ma har sau da yawa. Kuma da yake allon wayata ƙarami ne, kusan kowane kanu a wuri ɗaya yake yankewa: "Kona, Hawa…" sai ɗigo uku.

Ko numfashi ban ja ba na ƙarasa musu. Hawan Dawaki mana. Ita ma komin ce tamu, can wajen iyaka. Na ce lalle masu binciken haɗa komin biyun suka yi a aiki ɗaya, kuma sun kyauta, tunda ƙasar iri ɗaya ce, matsalolin ma iri ɗaya. Har na yaba musu da sanin makamar aiki.

Kar ku ce alamu ba su zo ba. Sun zo, har da sallama, ni ne na ba su ruwa na sallame su. Wani kanu ya yi zancen manoman gahawa na Kona. Na ɗan tsaya. Gahawa a ƙasar gero? Nan take ilimi ya kawo mini ɗauki: na tuna da rai-ɗore, tsiron nan da ke cika bayan gari da damina, wanda ake soya 'ya'yansa a sha kamar gahawa, har Turawa ma da sunan gahawa suke kiransa. Na rubuta a ƙasan adireshin, da Faransanci mai kyan gaske, cewa bincike ne a kan amfanin tsirran gida. Wani kanun ya ce ruwan gishiri na kutsawa cikin rijiyoyi. Na ce kanwa ce, manhaja ce ba ta san kanwa ba. Wani kuma ya ambaci babban tsibiri. Nan ma ban girgiza ba, domin mu 'yan labarin ƙasa mukan ce wa kurmi guda a tsakiyar faƙo tsibirin kore. (Kun ga amfanin karatu ke nan. Wanda bai yi boko ba, da ya ji tsibiri tsorata zai yi ya je ya tambaya.)

Wata rana a ɗakin malamai na tarar da Madam Rabi tana gyaran takardun jarrabawa. Muka gaisa, na tambaye ta ko Mayahi ta yi magana.

"Kaɗan-kaɗan, Mushe," ta ce. "Kan komin ɗin Cake na samu taswira guda da wani rahoto kan kiwo. Komin ɗin Sarkin Hausa kau, in ka rubuta, tarihin sarakuna za a kawo maka. Kai hwa?"

Na yi murmushin manya, na juya mata wayata, na dinga jan jerin Kona da yatsa yana tafiya ba ya ƙarewa. Ta daɗe tana kallo.

"Duk wanga na Konarmu ne?"

"Akwai wata ne?"

"To, ban sani ba. Ka dai buɗe su ka gani ko?"

"Madam, wanda ya san aikinshi, kanu ya ishe shi."

Ta ce, "To, madalla," ta koma kan takardunta. Na fita ina faɗa a raina cewa hassada ba ta bar ko masu sanyin hali ba.

Da a nan na tsaya, da kunyar ta tsaya tsakanin 'yan boko. Amma ana saura 'yan kwanaki ateliye na haɗu da Alhaji Idi a kasuwar Tasawa. Dattijo ne, aminin marigayi babana, kuma konseye, wato kansila, a majalisar komin ta Kona. Bayan na durƙusa na gaishe shi, bakina ya kasa riƙe labari. Na ce masa masanan duniya sun yi rubutu a kan garinsu fiye da yadda suka yi a kan Maraɗi.

"Ikon Allah," ya ce. "Mu kau ba mu taɓa ganinsu ba."

"Da tauraron ɗan'adam suke yi, Baba, daga sama."

"Har awakin daga sama sunka gan su?"

"Har kaskar da ke jikinsu in sun so."

Ya jinjina kai, ya ce wannan abu bai kamata ya ji shi shi kaɗai ba. Ni da bakina na ce ya zo ateliyen, ya taho da duk wanda ya ga dama. A nan ya kamata in shaida muku wani abu: har zuwa ranar ban taɓa taka Kona ba, garin da ɗan kabu-kabu zai kai ka da hantsi ya dawo da kai kafin la'asar.

Ranar ta zo. Na sa sabuwar shadda da ta sha bugu, na fesa turare. Zauren taro ya cika: Farfesa da abokan aikinsa a teburin gaba, ɗaliban jami'a a tsakiya da biro a hannu, malaman lise, da shugaban makarantarmu. A layin farko kuwa ga Alhaji Idi da tawagarsa ta dattawan Kona, cikin manyan riguna, sun zo jin yadda duniya ta san da su. Baƙin jami'a sun taho da ordinater da projekta da wani ɗan akwatin intanet nasu, wanda aka ce ba ruwansa da halin rezon garinmu.

Madam Rabi ce ta fara. Jerinta gajere ne, kamar cefanen ƙarshen wata. Amma kowane adireshi sai ta buɗe shi a bango, ta ce wannan taswirar tana da kyau sai dai ta tsufa, wannan rahoton na kiwo a karanta babi na biyu kawai, wannan kuwa ya rikita Cake da wani gari don haka a yi hattara. Ta gama aka yi mata tafin ladabi. Ni ma na tafa, tafi mai ƙarfi, irin na wanda ya san ya riga ya ci.

Aka kira ni. Na tashi na gyara wuyan riga, na buɗe da "Mesdames et messieurs" mai kauri. Na bi ta kan Tasawa da sauran komin a gurguje, na ajiye nama a ƙarshe. Da na iso Kona sai na yi shiru na ɗan lokaci, yadda manyan masu jawabi ke yi, sannan na saki jerin a bango. Na karanto batutuwan ɗaya bayan ɗaya da bayanan da na rubuta. Na ce a iya binciken da na yi, Kona da Hawan Dawaki su ne komin da suka fi kowace shan nazari a Nijar, wataƙila ma a Sahel gaba ɗaya. Na maimaita da Hausa saboda dattawa. Alhaji Idi ya gyara zaman hularsa, ya waiga ya dubi jama'a. Aka tafa.

Farfesa bai tafa ba. Ya zare tabarau, ya goge, ya mayar.

"Très bien," ya ce. "Buɗe muna guda mu gani."

Na zaɓi na ruwan ƙarƙashin ƙasa, don shi na fi alfahari da shi. Na danna. Abin da ban lissafa ba shi ne, wannan ordinater ba wayata ba ce, babu wanda ya kashe mata hotuna don tattalin forfe. Shafin ya buɗe, wani babban hoto ya fara saukowa daga saman bango a hankali. Shuɗi ne.

"Sararin samaniyar Kona ke nan," na ce, don kar a yi shiru.

Hoton ya ci gaba da sauka. Shuɗin bai ƙare ba, sai ma ya ƙara duhu, ya fara ƙyalli.

"Wannan kuma tabki ne," na ce. "Da alama da damina aka ɗauka."

Sai ga farar kumfa. Sai ga baƙaƙen duwatsu. Sai ga dogayen itatuwan kwakwa sun karkata. Can gefe kuma ga wani Bature daga shi sai gajeren wando, yana tsaye a kan wani falle na katako a saman igiyar ruwan da ta fi zauren da muke ciki tsawo. A ƙasan hoton, da manyan haruffa, a kan bango mai faɗin da bai da dalilin yanke komai, kanun ya fito cikakke. Babu ɗigo uku. Kona, Hawaii.

Ban san tsawon shirun da aka yi ba. Na dai ji fanka na juyawa, na ji gumi ya keto mini daga ƙeya ya bi ta cikin sabuwar shadda. Hawaii. Tsibiran tsakiyar tekun Pasifik, waɗanda ni da hannuna nake zana wa 'yan aji a allo kowace shekara, in sa musu jan biro in sun manta. Na dubi ƙofa, ta yi mini nisa. Na dubi Madam Rabi, ta sunkuyar da kai tana karanta bayan biro ɗinta kamar akwai labari a jiki.

Alhaji Idi ne ya fasa shirun. Ya ɗaga hannu cikin ladabi kamar ɗan aji.

"Mushe, gafarta. Wanga ruwa ta wane gefen gari yake? Don mu dai matanmu tun asuba suke bakin rijiya."

Wani ɗalibi a baya ya yi wani sauti ta hanci. Shi ke nan, kamar an ɓalle bakin kwata. Zaure ya kece da dariya. Shugaban makarantarmu, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa.

A nan mai hankali zai ce a yi haƙuri, ya zauna. Ni kuwa na ce wataƙila wannan ɗaya ne ya kuskure ya shigo, bari mu duba wani. Na danna na awaki, ina addu'a a zuci. Wannan karon hoton bai yi mini ko alfarmar saukowa a hankali ba. Ga awaki nan kuwa, garke guda, tsaye a kan baƙin dutsen aman wuta, teku shimfiɗe a bayansu.

Wani dattijo a tawagar Kona ya matso da fuska, ya ƙura ido, ya ce, "To awakin dai sun yi kama da namu."

"Waccan baƙar ma kamar wadda ta ɓace mini bara," in ji Alhaji Idi. "Ashe nisa ta yi."

Wannan karon har Farfesa sai da ya rufe baki da hannu. Da ya samu kansa sai ya roƙe ni, da wata murya mai laushi da ta fi zagi ciwo, in karanta wa jama'a bayanin da na rubuta a ƙarƙashin na gahawa. Na ce ai lokaci ya tafi. Ya ce akwai lokaci. Haka na tsaya a gaban ɗalibai da dattawa da shugabana, na karanta da bakina cewa shahararriyar gahawar da ake nomawa a gangaren dutsen aman wuta a tsakiyar teku, rai-ɗoren bayan garin Kona ce. Da na zo kan kanwa, wata ɗaliba ta tashi ta fita waje, don dariyar ta fi ƙarfin zama.

Aka tafi hutun da ake kira pause-café, kuma wallahi ban taɓa lura da munin sunan nan ba sai ranar. Na laɓe a bayan ginshiƙi da kofin roba a hannu. Duk da haka malamin lissafinmu ya nemo ni, ya leƙa kofin, ya shaƙi ƙamshi, ya ce, "Mushe, ta Kona ce ko ta kanti?" Kafin a koma zaure na riga na samu sarauta. Wasu na ce mini Sarkin Ruwan Kona, wasu na tambayata nawa ne kuɗin jirgin ruwa daga tashar Tasawa.

Farfesa ya same ni a wurin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Wayarka ba ta buɗe shafi ne?"

"Tana buɗewa, Farfesa. Forfe ne ke…"

"Na sani. Ita ma Madam forfen take saye." Ya kurɓi shayinsa. "Aikin ga ba tara adireshi ba ne, ko injin ya iya wannan. Mu mutum muke nema wanda in ya ce wa ɗalibi bi nan, to shi ya riga ya bi. Da yaro guda ya ɗauki jerin ga ya rubuta kundi kan gahawar Tasawa, wa za mu kama?"

Amsar tana tsaye a gabansa cikin jiƙaƙƙiyar shadda.

Da yamma aka sanar Madam Rabi ce za ta kula da shafin. Aka miƙa mata baƙar jakar a gaban kowa. Na tafa, wannan karon a hankali, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini ciwo ƙwarai. Na san ta cancanta, sanin hakan kuma bai rage komai ba.

Ina ƙoƙarin sulalewa ta ƙofar baya na ci karo da Alhaji Idi yana tattare babbar rigarsa zai hau bayan babur. Na so in yi kamar ban gan shi ba, ya kira ni da sunan da babana ya saba kirana da shi. Na je na durƙusa ina ba shi haƙurin wahalar da na sa su.

"Ba komi, ɗana, mun sha dariya, mun ci shinkafa." Ya hau bayan babur ɗin. "Kenan mu ba a rubuta komi kanmu ba?"

"Kaɗan ne, Baba."

"To ka taho ka gani da idonka ka rubuta mana. Hanyar akwai yashi, amma ba ka buƙatar kwalekwale."

Babur ya tashi, ya bar ni durƙushe.

Bayan mako biyu ko uku Madam Rabi ta same ni a ɗakin malamai, sabuwar ordinater a gabanta. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Wai Farfesa ya ce kar a goge jerina na Kona. Za a sa shi a farkon shafin, da bayanaina yadda na rubuta su, rai-ɗore da kanwa da tsibirin kore, a ƙarƙashin kanun da ke cewa kowane ɗalibi ya karanta wannan kafin ya fara bincike.

"Ya ce in tambaye ka, Mushe, a sa sunanka ko a sakaya?"

Na ce a sakaya.

"To," ta ce, tana dannawa. "Amma ka san dai kowa ya sani."

Ta gaya mini daga baya cewa duk shafin babu ɓangaren da ɗalibai suka fi buɗewa kamarsa, har waɗanda ba ruwansu da labarin ƙasa suna turawa juna. Don haka in ana zancen malaman da aikinsu ya yi tasiri a jami'a, ni ma ina iya ɗaga yatsa, sai dai a hankali.

Ina nan a ajina da allina. In mun zo darasin tsibiran Pasifik yara kan yi tsit, su ƙura mini ido suna jira, don labari ya riga ni shiga aji, ni kuma in koyar da shi da ƙwarewar da babu malamin da ya kai ni a duk jihar Maraɗi. Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada: in magana ta yanke a ɗigo uku, kar ka ƙarasa ta da abin da ranka ke so, buɗe ka gani. Yanzu ko katin ɗaurin aure aka turo mini aka ce a Mayahi ne, sai na kira na tambaya ta wace nahiya.